Murfi Biyu Ya Koma Biyar

Ɗambatta,
9 ga Agusta.

Ƙawata Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Inna. Yaya garin Kunci, yaya ruwa? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya yi kyau.

Makon nan ya zo mana da nauyi. Kin san Malam Muntaka, mai gona bayan firamare. Ranar Talata ya yi wa wakensa feshi, kafin Alhamis ganyen ya ƙone ƙurmus. Da aka tambaye shi, sai ya ce abin da ya gani a shafinmu na intanet na ƙungiyar manoma ya bi: murfi biyar na magani a tankin feshi ɗaya. Ni kuwa na san murfi biyu malamin gona ya ba mu.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Ja'afaru, ya kira taro. Wasu suka ce a rufe shafin, wasu suka ɗora wa malamin gona laifi. Na roƙi a ba ni zuwa la'asar.

Kin tuna mitar da kika yi lokacin da na dage sai mun riƙa ajiye aikinmu a Git, manhajar nan mai adana tarihin kowane gyara? To, shi na buɗe. Tun ranar da muka fara gina shafin, babu layin da aka taɓa da bai riƙe ranar da sunan mai gyaran ba. Ban yi minti goma ba na gano wurin. Na mayar da shafin yadda yake kafin kuskuren, na koma na nuna musu cewa biyu aka fara rubutawa. Malamin gona ya fita daga zargi.

Muhsina, sunanki ne a kan gyaran. Ranar da kika sake tsara jadawalin don ya zauna daidai a waya, a nan biyu ya koma biyar. Amma a ƙarƙashinsa akwai nawa sunan, domin ni na karɓi gyaran na shigar da shi ban karanta ba. Shi ya sa na gaya musu kuskuren daga wajenmu ne, kuma ni ce mai alhakin dubawa. Ban ambaci kowa ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Tahira.

Ɗambatta,
23 ga Agusta.

Ƙawata Muhsina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta saƙonki, kuma maganar barin aiki ban karɓa ba. Wa zai gyara mini shafi ya buɗe a ƙaramar waya in ba ke ba?

Na je wajen Malam Muntaka, na faɗa masa sunanki kamar yadda kika nace. Ya ce ya yafe, amma a daina rubuta masa lamba tsirara, a riƙa sa ta da kalmomi. Mun yi hakan. 'Yan ƙungiya sun yi masa gayya, an sake shuka ɗan wuri. Rabin gonar dai ya tafi, wannan ba ya dawowa.

Yanzu na kulle babban reshen aikin a Git, wato ainihin kwafin da ke hawa shafi. Kowa ya yi gyaransa a nasa reshen, kuma babu abin da zai hau shafi sai ɗayarmu ta karanta ta amince. Har ni.

Ai kin gani da idonki. Jiya na turo miki sanarwar rabon taki ina taƙama, yau da safe na tarar kin dawo mini da ita, kin ja layi a ƙarƙashin Laraba kin rubuta Alhamis. Na duba takardar Alhaji. Ke ce da gaskiya.

Na gyara na sake turowa. Ki duba da kyau, kada ki raga mini.

Taki har kullum,
Tahira.