Wasan da Na Yi da Ciwon Mahaifiyarku

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka gaza, kai yana nan garau. Da ku biyu nake, ke Babba da kai Auta.

Shekara arba'in da ɗaya ina gaya wa mutane inda za su tsaya da lokacin da za su yi kuka. Na fara a zauren taron makaranta, labulenmu zanin gado biyu da aka haɗe, na ƙare ina daka tsawa a bayan kyamara. Suna kam na samu. A gida kuwa baƙo ne ni, har mahaifiyarku takan ce in tana son ganina sai ta yanki tikiti.

Na ɗaya. Gida da abin da ke ciki a raba yadda addini ya tsara, babu bakina. Kyamarori da fitilu kuwa tun bara na ba Auta. Ka riƙe su, amma kada ka kunyata ɗan wasa a gaban jama'a. Na yi, kuma bai taɓa gyara fim ko ɗaya ba.

Na biyu. Tsohuwar telarmu ta shekara talatin tana ɗinka mana kayan wasa, ban taɓa sa sunanta a allo ba. Mantuwa nake cewa, alhali raini ne. Auta, ka sa shi a fim ɗinka na gaba, da manyan baƙaƙe, ka kai ta ta gani tun idonta na aiki.

Na uku, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da mahaifiyarku take kwance a asibiti, ina gefen gadonta da ɗan littafi a aljihu. Duk abin da ta faɗa cikin zafin ciwo, sai in fita baranda in rubuta. Ba ta shekara da rasuwa ba na mai da shi wasan dandamali, na sa Auta ya fito a mijin. Babba, ina kallon ki daga bayan labule sanda kika ji kalaman uwarki a bakin wata, mutane na tafi. Kika miƙe kika fita, shekara tara ke nan ba ki taka gidan ƙanenki ba.

To ki sani, sau uku ya ƙi. Ya ce, “Baba, sai in Yaya ta yarda.” Na dube shi na ce kin yarda. Ƙarya na yi masa. Da abin ya ɓaci na ja bakina na bar shi da laifin, don ina tsoron ki daina gaishe ni.

Na huɗu. Littafin da faifan wasan suna aljihun teburina na ƙasa. Naki ne, Babba. Ki ƙona ko ki adana, kada kowa ya tambaye ki dalili.

Ban ce ku yafe mini yau ba, in kun samu iko dai ku yi. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya jiƙan mahaifiyarku. Ku riƙe juna, ba ku da kowa sama da junanku. Babba, ke ce gaba, ke za ki fara zuwa. Kada ki jira ranar da za a ɗauke ni. Ki je yau, 'yarsa ta fara tafiya ba ta san fuskarki ba.