Min Nani, In Ji Dattawan Mbamba

Luggere, Jimeta
30 ga Nuwamba, 1959

Hamma Ɗanburam,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiyar girbi? Yaya Baba Modibbo? Yaya ƙanwarka, mai ɗakina, da nauyin jiki? Allah ya sauke ta lafiya.

Wallahi tun da na dawo daga Mbamba bakina bai rufu ba. Kai shaida ne, na tsaya gindin tsamiya na yi wa dattawanku bayanin jam'iyyarmu mai alamar tauraro, ba wanda ya katse ni. Da na gama, Baba Modibbo ya gyaɗa kai ya ce, "Min nani," sauran duk suka maimaita. Ga kindirmo, ga zabi har biyu. Ɗan Fillancin da na tsinta a kasuwa ya ishe ni in gane an karɓi magana.

Jiya a shagona Bawa mai goro ya yi mini dariya, wai ƙauyukan Yola ba sa barin jam'iyya mai alamar fartanya. Raina ya ɓaci, na rantse a gaban jama'a: in Mbamba ba ta jefa wa tauraro ba, ƙafata ba za ta sake taka garin ba. Ka ga iyakar yardar da na yi da ku.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Ɗantani Tela

Mbamba
4 ga Disamba

Ɗantani,

Na ga takardarka, muna amsa gaisuwa. Dawa ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Raliya lafiya lau, ta ce kada ka manta da zanen goyo.

Rantsuwar nan ba ta yi mini daɗi ba. Kai dai bakinka ya fi keken ɗinkinka gudu. Ka zo kafin ranar ƙuri'a mu zauna, akwai maganar da ba ta takarda ba ce.

Allah ya bar zumunci.
Ɗanburam

Luggere
15 ga Disamba

Hamma,

Bayan gaisuwa. Ban zo ba, yawon neman jama'a ya hana ni.

Huɗu! Wakilinmu ya ga akwatin tauraro na rumfarku da idonsa, ƙuri'a huɗu ce a ciki. Haba, Hamma! Mu 'yan kasuwar nan mun yi abin da muka ce, ku kuwa kun cika mini ciki da nono kun juya baya. Yanzu kullum safe sai Bawa ya leƙo ya ce, "Tela, ina labarin Mbamba?"

Dariyarsa ba ta dame ni kamar wannan ba: matata tana can, haihuwa yau ko gobe, ni kuma na rufe wa kaina hanya. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ɗantani

Mbamba
19 ga Disamba

Ɗantani,

Albishirinka! Raliya ta sauka ranar Alhamis, namiji, lafiyayye. Da kuka ya zo, bai kuma yi shiru ba, kowa ya ce ɗan ubansa ne.

Yanzu ka saurara, tunda ka ƙi zuwa. "Min nani" mun ji ke nan, shi ke nan. Da sun yarda, "Min jaɓi" za su ce, wato mun karɓa. Masu alamar kwakwa ma da suka zo, min nani aka ce musu, suka sha nono suka tafi. A nan ba a ce wa baƙo a'a a fuskarsa, balle suruki. Mutanenmu kuwa inda Jauro, mai garinmu, ya karkata nan suke karkata. Shi ke raba gona, shi ke sasanta mu da makiyaya in shanu sun yi ɓarna. Ba za su bar wanda suke gani kullum ba saboda jawabin yini ɗaya, ko da ya yi daɗi. Naka kuwa ya yi daɗi.

Huɗun nan da kake rainawa, ka san ko na wa ne? Ni, da ƙannena biyu, da Baba. Tun da yake bai taɓa saɓa wa Jauro ba, amma da safen nan ya ɗauki sandarsa ya ce akwatin surukinsa ba zai koma Yola wofi ba. Wannan ya tsaya tsakaninmu.

Batun rantsuwa, Baba ya ce kaffararta ciyar da mabuƙata goma, ka ciyar ka taho. Suna ranar Alhamis. Ya ce ba zai raɗa wa yaro suna ba sai ubansa na zaune a kan tabarma.

Yayanka, Ɗanburam

Luggere
21 ga Disamba

Hamma,

Mi nani.

Ka daina dariya, ban gama ba. Na karanta inda ka yi maganar Baba sau uku, sai da na rufe shago. An ɗora tukunyar mutum goma, Bawa ma ya zo da kwanonsa, na ce ba ya cikin lissafi. Zanen goyo yana cikin jaka tare da 'yar riga.

Ka durƙusa mini gaban Baba ka ce masa: mi jaɓi. Laraba da hantsi ina tafe.

Ɗantani