Dunƙulen Hannun Magini

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Kunnena ya daina shiri da waya, sai ki yi haƙuri da rubutun magini.

Mun ga likita. Ya ce ba zai yi wa mamanki aikin gwiwa ba sai ta rage ƙiba, don zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci da wannan nauyin ba. In ba a yi aikin ba kuwa, ita da kujera ke nan. Wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mini awo: shinkafa dunƙulen hannu, kifi ko nama tafin hannu, ganye cikin hannu biyu, mai kan babban yatsa. Tunda mamanki ba ta iya tsayuwa, ni ne mai girki yanzu. Ta ce na riƙe ludayi kamar zan yi yaɓe. Burinta ɗaya, ta goya jikarta ta zaga tsakar gida.

Ki gaida kowa.
Babanki

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da jiki. Auta ya faɗa mini kun koma asibiti, sikeli bai motsa ba, har an ɗaga aikin. Baba, ka yafe mini, amma na san halinka. Mama na ɓata fuska za ka ƙara mata cokali. Wannan tausayin shi zai zaunar da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, har kuka na yi a wurin aiki. Don Allah ka daure.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni da na ƙare rayuwata ina awon siminti da yashi, ni za a ce na yi ha'inci a faranti? Ko ƙwaya ban taɓa ƙarawa ba. Kullum sai na dunƙule hannuna na ajiye gefen faranti, na zuba daidai da shi. Kifi ma a tafina nake gwadawa. Ita ce ma take cewa, “Malam, ya yi mini yawa,” ni kuma in ce umarnin asibiti ne, sai ta cinye. Tana cinyewa kuwa, don kada in ce girkina ne ba daɗi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Barka da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarka. Ka gafarce ni da zargin da na yi maka. Baba, awon nan da hannun mai ci ake yin sa, ba da hannun mai zubawa ba. Kowa hannunsa daidai jikinsa yake. Ka tuna muna yara ni da Auta muke zura hannuwanmu biyu a safar hannunka ɗaya ta aiki? Laifina ne da ban tambaya tun farko ba. Ina neman hutu, zan zo.

'Yarka mai neman afuwa

Uwata,

Sallama. Na ɗora hannun mamanki a kan nawa. Bai kai rabi ba. Duk zamanmu da ita ban taɓa lura ba.

Mun koma asibiti. Likita ya ce zuciyar ta ƙara rauni, maganar aiki a bar ta tukuna. Bai ce sai yaushe ba, ni ma na kasa tambaya. Da keken guragu muka dawo gida.

Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, “Da ma na ce maka ya yi yawa.” Yanzu in zan zuba, ita take miƙo hannu, in riƙe in auna. Abincin yakan huce ban saki hannun ba.

Ki taho da yarinyar. Ta ce ko a cinya ne za ta riƙe ta.

Babanki