Na Ƙwace Makirufo Saboda Jikata

Jikata ta zama shugabar kamfanin waƙa! Na faɗa tun kafin sallama don abin ya fi ƙarfin cikina. To, salamu alaikum, Malama. Ki taimake ni, murnata tana neman komawa ciki.

Yarinyar nan a hannuna ta tashi. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsoho mai ran ƙarfe. Da naɗe wayoyin lasifika ta fara, da sayo wa mawaƙa ruwa. Daga nan ta koma tsara musu ranakun wasa, sannan ta zama manaja. Akwai wani dogon yaro da ta tsinto yana waƙa a garejin gyaran mota. Ita ta kai shi situdiyo, ita ta yi ta sintiri a gidajen rediyo har takalminta ya cinye. Yau ko'ina muryarsa ake ji.

Ranar walimar ƙarin girmanta, Dogon nan ya hau dandamali ya shiga kiran sunaye. Ya kira mai gyara masa sauti, ya kira telansa, ya kira direbansa, har da wani mai ƙaton ciki da ya shigo a makare. Jikata kuwa ko tari bai yi da sunanta ba! Na dogara sandata na hau, na ƙwace makirufon, na gaya masa shi butulu ne, kaza ci ki goge baki.

A mota ta ce mini wai ita da kanta ta hana duk mawaƙanta ambatonta, don kada sauran su ce tana fifita wani. Wannan wace irin doka ce? Ka yi noma, a yaba wa mai kallo? Yanzu ta daina ɗaukar wayata, kuma na ji Dogon yana maganar barin kamfanin. Ya tafi mana! Amma amaryata fa, Malama?

Da furfurata na shiga makarantar yamma, kuma da idona na karanta sunanta a ƙofar sabon ofishinta, baƙi bayan baƙi, ba wanda ya karanta mini. Ki zo ki gani. Duk mai karanta wannan ma ya zo ya gani.

Kaka mai sanda

AMSA

Baba, barka da arziki. Allah ya sanya alheri.

Fushinka na ƙauna ne, ban ga laifin zuciyarka ba. Amma kafin ka kai wa mutum sanda, ai ka tambaya. Yaron nan umarnin shugabarsa ya bi, ka tozarta shi a gaban abokan sana'arsa. Aikin manaja a bayan labule yake: shi ke kunna fitila, wani ya tsaya a haskenta. Amanar mawaƙa ita ce jarin jikarka, kuma ita ka taɓa. In Dogon ya tafi, kujerar da kake murna da ita ce za ta fara girgiza.

Ita ma da ta sanar da kai dokarta tun farko, kuma ƙin ɗaukar wayar kaka bai dace ba. Sai dai wannan karon kai za ka fara. Ka je wurin yaron kai kaɗai, ba taro, ba makirufo, ka ba shi haƙuri. Girmanka ba zai zube ba. Labari zai kai mata kafin ka iso gida.

Gayyar nan kuma ka dakatar da ita sai ta yarda, ofis ba dandali ba ne. In ta sauko, ka roƙe ta ta kai ka bakin ƙofar, ka karanta mata sunan nan da bakinka. Ta hana mawaƙa, amma ba ta hana kakanta ba.

Allah ya daidaita ku, ya ƙara maka lafiya. Sandar kuma a bar ta a dogarawa.