Ramin Noti na Tara

Litinin, 3 ga Maris
Na rufe kan injin tifata yau, da sabon gaskit, shimfiɗar nan da ke tsakanin kai da gangar jikin inji. Noti goma sha huɗu, ni kaɗai na ɗaure su kamar kullum. Mai walda na kusa da garejina ya miƙo min sifanarsa mai auna ƙarfin ɗauri, wai in gwada. Na ce ya kai wa masu koyo. Shekara ashirin da shida hannuna ke gaya min inda noti zai tsaya. Ba a aji na koya ba, a ƙarƙashin mota na koya.

Laraba, 5 ga Maris
Auta, ƙanena da ke tuƙa min tifar, ya dawo da ita a jaye. Ko lodi biyu bai yi ba. Wai allurar zafi ta hau ja, farin hayaƙi na fita ta bututun salansa. Na zaro sandar awon mai, baƙin mai ya koma kamar madara.
Na ce masa ruwa ya bari ya ƙare. Ya ce, "Wallahi Yaya, da safe na cika lagireto." Na ce maimaita. Ya maimaita. Fanbel ne a hannuna, belin roban fankar inji, na zuba masa a wuya, na ƙara a baya. Ya kare da hannu yana cewa, "Yaya, a gaban mutane?" Shekararsa arba'in da ɗaya, to sai me? Ni na goya shi, ni na sa masa sitiyari a hannu.

Alhamis, 6 ga Maris
Lagireto lafiya. Famfon ruwa lafiya. Na tayar da ita a sanyaye, kumfa na tasowa ta bakin lagireto kamar ana hura kara a ciki. Iskar silinda ce ke shiga ruwa. Auta ya dafa min inji, shi ke nan.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ya zo gareji da rana, ban kira shi ba. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Yaya, ko dai a sake duba ɗaurin?"
Ɗaurina. A garejina, direbobi uku na zaune a kan benci.
Ban san lokacin da babbar sifana ta bar hannuna ba. Kansa na nufa, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Ya tare da hannun dama, na ji ƙas. Ya durƙusa, bai yi ihu ba, yana ta kallon hannun kamar na wani. Na yi kansa, mai walda ya rungume ni ta baya, na kai masa gwiwar hannu a baki. Sai da mutum uku suka danne ni a jikin taya.
Mai walda ya tofar da jini ya ce, "Maigida, ƙarfe ne ya ɓata maka rai, mutum kake karyawa."

Lahadi, 9 ga Maris
Karaya biyu a tsintsiyar hannu. An ɗaure. Ban je ba.

Litinin, 10 ga Maris
Tsohuwarmu ta aiko in zo. Ta bar ni a tsaye, ba ta ce in zauna ba. "Da wane hannun zai ci da 'ya'yansa?" Na ce shi ya jawo. Ta ce in fita mata daga ɗaki. Na dawo gida na tarar da ƙofa ta cije, na sa ƙafa na ɓalle ta. Maman yara ta kwashe su suka shige ciki. Shiru har yanzu, kamar gidan da ba kowa.

Laraba, 12 ga Maris
Na sauke kan injin don in nuna wa duniya aikin Auta. Na kira mai walda ya zama shaida, ya zo da kumburarren leɓe.
In inji ya ƙone don rashin ruwa, kan yakan bauɗe. Na ɗora ƙarfen awo, a miƙe yake sambal. Gaskit kuwa wuri ɗaya ya ci wuta, gefen noti na tara. Ko'ina ya kwanta ya yi shaida, ban da nan.
Na zura waya da tsumma a ramin notin. Ya fito jiƙe sharkaf da tsohon mai.
Ramin ba shi da mafita ta ƙasa. In ba a busar da shi ba, noti kan mai yake zama, ya yi tauri a hannu kamar ya kai, alhali bai danne komai ba. Na ƙara masa ƙarfi ranar, na tuna. Ga siririyar tsaga nan a bulok, gangar jikin injin, daga bakin ramin zuwa hanyar ruwa.
Mai walda ya leƙa, ya ga tsumman, ya dube ni. Ya ce, "Wa ya wanke ramukan?" Ya san ba mai taɓa inji in na buɗe shi.
Na ce ya koma bakin aikinsa.

Alhamis, 13 ga Maris
Na ɗauki guduma na farfasa ƙonannen gaskit ɗin da bencin da ke ƙarƙashinsa. Ban ji sauƙi ba. Sauri nake yi ranar, abin da ya faru ke nan. Kowa na iya yi.

Asabar, 15 ga Maris
Kowa na iya yi, amma ni na yi.

Litinin, 17 ga Maris
Na bi ta gidan Auta. Yana zaune a ƙofa, hannu rataye a wuya, shatin fanbel bai gama bajewa ba. Da ya gan ni ya yi zumbur zai miƙe, ya ja da baya kaɗan. Wannan ja da bayan... bari dai.
Na zauna. Mun daɗe muna kallon titi. Na ce wa titin, "Ba ruwa ba ne. Ramin noti ne."
Ya ce, "To, Yaya."
Na jira ya ƙara wani abu, ko zagi ne. Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye nesa da ni, ba gaisuwa. Ya kasa buɗe gorar da hagu, na karɓa na buɗe masa. Ya sha.
Ban ba shi haƙuri ba, ban kuma tambaye shi ko zai dawo ba. Gobe zan sake bi ta can. Akwai mai sayar da noti a layinsu, an ce nasa sun fi.