Sunan da ke Takardar Haihuwata

Adjamé Liberté, Abidjan

Zuwa ga Innata Tabawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan wasiƙar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen Funtuwa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau. Baba yana shagonsa na unguwar Roxy, Tanti Asetu kuma tana ta fama da ƙannena. Na ba Alhaji Gwadabe wasiƙar ya kawo miki, kuma ina roƙon Zuhura ta karanta miki ku biyu kaɗai. Sau uku ina kiranki a waya don wannan magana, in na ji muryarki sai in kasa, in ɓige da tambayar kaji.

Inna, kin san burina na shiga makarantar koyon aikin ungozoma ta gwamnati in na gama lakwal, wato sakandare, bana. Cikin takardun da aka nema har da shaidar zama 'yar ƙasa, kuma a kotu ake ba da ita. Na tafi da takardar haihuwata ba tare da fargabar komai ba, tunda Tanti Asetu da ta haife ni 'yar ƙasar nan ce, kakanninta duk a Odienné suke. Magatakardar ya duba, ya ce uba ɗan Najeriya, uwa ma 'yar Najeriya, don haka ba ni da hanya. Na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini takardar, ya ɗora yatsa a gurbin sunan uwa. Sunanki ne a wurin. Shekara goma sha takwas ina ganinsa, ban taɓa jin wani abu ba ne, don ai ke nake kira Inna.

Da na koma gida Baba ya ba ni labarin. Ya ce a gida aka haife ni yana kan hanyar Legas, kuma tun kafin suna ya riga ya ba ki ni, tunda ni ce ta fari, ke kuma uwargidansa Allah bai ba ki haihuwa ba. Ke kika je ofishin magajin gari da ni a goye. Da ma'aikacin ya tambayi uwar yarinya, Tanti Asetu tana tsaye a bayanki, amarya ce a gidan Hausawa, an koya mata kunyar ɗan fari, sai ta sunkuyar da kai. Ke kika amsa. Baba ya ce babu wanda ya yi ƙarya a ranar, a wurinmu haka ne. Wallahi ban ga laifin kowa ba.

Baba ya ɗauka gyaran na yini ɗaya ne. Ya je ofishin, aka ce masa ko magajin garin da kansa ba ya da ikon goge harafi ɗaya a littafin haihuwa sai da hukuncin alƙali. Bayan sallar Juma'a a babban masallacin Treichville, Malam Sayyadi ya haɗa shi da wani ɗan majalisa. Mutumin ya saurare shi da mutunci, ya ce su doka suke yi, ba sa ba alƙali umarni. Baba ya dawo yana faɗa, wai wace irin ƙasa ce babba ba zai iya yi wa ƙarami magana ba. Ni kuwa mun karanta wannan a aji: kundin tsarin mulki ya raba iko uku, masu yin doka daban, masu gudanar da mulki daban, masu shari'a daban, kowa da iyakarsa. Na ci sha bakwai bisa ashirin a darasin. Ban san darasin zai biyo ni har gida ba.

Yanzu an shigar da maganar a kotu, an ba mu ranar Talata, sha ɗaya ga watan gobe. Ranar ashirin da biyar za a rufe karɓar takardun makarantar, in ta wuce sai baɗi, in ma an gyara ke nan. An ce alƙali zai saurari Baba da Tanti Asetu da Iya Dije da ta karɓi haihuwata, amma ba zai wadatu ba sai ya ji daga bakin wadda sunanta ke rubuce.

Ga abin da na kasa faɗa a waya. Ina roƙonki ki biyo Alhaji Gwadabe ki zo, ki tsaya gaban alƙali ki ce ba ke kika haife ni ba. Ba zan ɓoye miki ba, ban san irin tambayoyin da za a yi miki ba, wataƙila ma a yi miki faɗa. Na san nisan hanyar da halin gwiwarki. Na kuma san tunda nake ban taɓa jin kin faɗi wannan kalma ba, ko ranar da matan gidanmu suka yi miki gori. In kin ga ba za ki iya ba, ki aiko Zuhura ta gaya mini, ba zan riƙe ki a zuciya ba.

Jiya ina wanke-wanke Tanti Asetu ta tsaya a kaina, ita da ba ta kiran sunana. Ta ce in rubuta miki cewa takarda kawai take karɓa, aron suna ne don makaranta, yarinya kuwa tana nan inda aka ajiye ta, taki ce.

Ki gaishe da Kawu Zaharadeen da Zuhura da Baba Talatu. Baba da Malam Sayyadi suna gaishe ki. Allah ya kawo ki lafiya. Alƙali zai rubuta nasa, ni ga nawa na riga shi.

Taki har kullum,
Nuriyyar Tabawa