Dutsen Bayan Gidanmu

Daga Male

Yaya Mausum,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zuhura da yara. Bayan haka, na gaji da Male. Birnin da mutum zai zagaye da ƙafa kafin hantsi, amma kowa a ƙasar nan ya ɗuro cikinsa. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya. In maƙwabci ya yi atishawa, ni ke amsa masa. Don Allah ka gina mini ɗaki a gidan Baba, in dawo tsibirinmu in shaƙi iska.

Ƙanwarka, Shi'una

*

Shi'una,

Muna lafiya, Zuhura na gaishe ki. Ɗakinki ya tashi, har da taga mai kallon teku. Ban tsaya jiran bulo daga Male ba, ga dutsen murjani zube cikin ruwa a bayan gidanmu. Da shi kakanninmu suka yi gini. Na fasa, na kwaso a kwalekwale. Ki fara shiri.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka. Dutsen bayan gidanmu ka ce? Wanda igiyar ruwa ke fashewa a kansa? Ka manta Baba yini guda yake tuƙa kwalekwale ya ɗebo nasa dutsen can nesa, ko tsakuwa bai yarda a taɓa a nan ba? Gidanmu bai fi ƙugun mutum tudu a kan teku ba, me zai tare mana ruwa yanzu? Ka ce mini ban fahimce ka ba ne.

Shi'una

*

Shi'una,

Sallama. Kin fahimce ni daidai. Iskar damina ta taso ranar Talata, ruwa ya bi ta gurbin da na fasa. Muna kallo ya kayar da bishiyoyin kwakwa, ya cinye madafa da ɗakin Baba. Rijiya ta koma gishiri. Naki ɗakin yana tsaye, amma sai an naɗe zani ake isa ƙofarsa. Muna rakuɓe a makarantar gari. Kunya ta hana ni tambayar abin da nake so in tambaya.

Mausum

*

Yaya,

Ba sai ka tambaya ba. Na kwance kayan da na ɗaure, na sayo tabarma biyu. Ku biyo jirgin ruwan Laraba, zan tsaya muku a bakin tasha.

Allah ya kawo ku lafiya.

Shi'una